Baƙuwar da muka haƙo daga tabki

Yara, a ƙasarmu ta Tasawa da Mayahi ba mu da kogi mai gudu rani da damana. Gulbin Kaba, wanda ya fito daga Nijeriya ya ratsa garuruwanmu, yashi da goriba sun fi ruwa yawa cikinsa. Teku kuwa yana da nisa ƙwarai: daga Tasawa zuwa bakin teku a Legas kusan kilomita 1000 ne, ko da tsuntsu ne zai miƙe. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na famfo, da na tabki.

Tabki yakan cika da damana, ya ja baya da kaka, ya ƙafe da rani har laka ta tsattsage. Mai wucewa sai ya ce babu wani mai rai a wurin. Amma akwai. Zan ba ku labarin wata dabba da ƴan ajina suka samo a cikin busasshen tabki, da yadda muka yi muka gane sunanta. Ku saurara da kyau, domin sanin sunan nan shi ya hana ta mutuwa.

1. Curin laka

Da bazara ne, cikin watan Mayu. Na aiki ƴan ajina su haƙo yumɓu a tabkin bayan gari, don mu yi aikin hannu. Suna cikin haƙa sai gatarin wani yaro ya fasa wani curin laka. A cikin curin suka ga wani abu naɗe cikin ƴar fata ja-ja, kamar busasshen ganye. Da suka taɓa shi da kara sai ya motsa, ya yi ƴar ƙara. Waɗansu suka zura da gudu. Amma wata yarinya mai ƙarfin hali ta tura curin cikin ƙwarya da fartanya, ta rufe da faifai, suka kawo aji.

Na ce kada kowa ya sa hannu. Muka ɗebo ruwan rijiya lita 20, muka zuba a babban baho, muka saka curin a ciki a hankali. Da muka dawo ajin marece, laka ta narke, fatar nan ta yage. Ga wata dabba doguwa kwance a gindin baho, bayanta ruwan ƙasa da ɗige-ɗige baƙaƙe, cikinta fari-fari. Ƴan idanunta ƙanana ne kamar ƙwayar dawa.

2. Gardama ta tashi

Nan take aji ya rabu uku.

Waɗansu suka ce: «Malam, maciji ne! A kashe shi!»

Waɗansu suka ce: «A'a, tarwaɗa ce. Yunwa ce ta sa ta rame ta yi tsawo.»

Wani yaro mai son karatu ya ɗauko ƙamus na faransanci, ya yi ta buɗe shafi. Can sai ya ɗaga hannu, ya ce: «Malam, na same ta! Ga hotonta. Sunanta murène. An rubuta kifin teku ne.»

Kowa ya zo ya leƙa. Lalle hoton ya yi kama da dabbarmu: jiki dogo, ɗige-ɗige, da wani fiffike da ya bi gadon baya har wutsiya. Sai wata yarinya da uwarta ke sayar da gishiri a kasuwa ta ce: «To, Malam, in kifin teku ne, ai ruwan gishiri take so. Gobe zan zo da gishiri mu zuba mata.»

Na yaba wa yaron, don ya nemi sani cikin littafi. Na yaba wa yarinyar, don ta yi tunanin abin da dabbar ke bukata. Sa'an nan na ce mu yi lissafi tukuna. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35. Bahonmu lita 20 ne. Giram nawa ke nan? Suka rubuta a allunansu: giram 700.

Na yanka albasa, na barbaɗa mata gishiri, na ajiye bisa tebur. Kafin mu tashi, ruwa ya tsattsafo daga jikin albasar. Na ce: «Kun gani? Gishiri yana janyo ruwa. Jikin kifin teku ya san yadda zai yi da gishiri. Na kifin tabki bai sani ba. In dabbar nan ta teku ce, ruwan rijiya zai kashe ta. In kuma ta tabki ce, giram 700 ɗin nan za su kashe ta. Ranta yana hannunmu. Saboda haka ba mu zuba kome sai mun tabbata ko ita wace ce.»

3. Muren, kifin teku

Kashegari muka fara da kifin cikin hoton. Ba shi da suna a hausa, tun da kakanninmu ba su zauna bakin teku ba. Sai muka riƙa kiransa muren, yadda ake faɗa da faransanci.

Muren iri-iri ne, sun kai iri 200. Galibinsu suna zaune a tekuna masu ɗumi, cikin kogon duwatsu. Da rana sukan ɓuya, kai kaɗai ke waje. Da dare sukan fita farauta, kuma hanci ya fi yi musu amfani bisa ga ido. Wanda ke tekun Bahar Rum yakan kai mita ɗaya da rabi. Shekara 2000 da suka wuce, attajiran Rumawa sukan kiwata shi cikin kududdufai na ruwan teku da suka gina kusa da gidajensu.

Jikin muren ba shi da ɓawo irin na karfasa, fata ce mai kauri da yauƙi. Ba shi da fiffike a ƙirji, ba shi da shi a ciki. Bakinsa wawakeke ne, kullum yana buɗe shi yana rufewa, don ruwa ya shiga ya yi numfashi. Abin mamaki kuma, yana da muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro. A shekarar 2007 waɗansu masana biyu na Amurka, Rita Mehta da Peter Wainwright, suka nuna yadda yake aiki: in muren ya kama kifi da haƙoran gaba, sai muƙamuƙin ciki ya taso har baki, ya cafki kifin, ya ja shi ciki.

A manyan biranen duniya akwai masu kiwon kifin teku cikin akwatin gilashi, wanda ake ce wa aquarium da faransanci. Su ma, in sun sami muren da ba su sani ba, dole su fara neman sunansa, kamar yadda muke yi. Ga dalili. Wani iri ba ya wuce kamu ɗaya ko biyu. Wani kuwa yakan kai mita 3, nauyinsa kilo 30. Akwatin da ya ishe shi yana ƙarami ba zai ishe shi in ya girma ba. Wani iri mai zane kamar jakin dawa haƙoransa dasassu ne, ƙaguwa yake fasawa ya ci. Wani kuwa haƙoransa kamar allura, zai cinye dukan ƙananan kifayen da aka haɗa shi da su. Launi kuma yana ruɗin mutum. Akwai wani siriri kamar ɗamara: yana ƙarami baƙi ne, in ya girma namiji shuɗi ne, mace kuwa rawaya ce. Wanda ya bi launi kaɗai sai ya ce kifi uku ne, alhali iri ɗaya ne.

Na ce wa ƴan ajina: «Kama da wane ba wane ba ne. Mu bar launi da tsawo, mu dubi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya.»

4. Mu duba da kyau

Na rubuta tambayoyi shida a babban allo. Yara suka kewaye baho rukuni-rukuni, kowa da kayensa da alƙalami.

A ina aka same ta? Cikin lakar tabkin ruwan sama, nesa da teku.

Tana da harshe mai reshe biyu? Ba ta da shi. Maciji yana da shi.

Tana da gashin baki? Ba ta da shi. Tarwaɗa tana da guda 8, kanta kuma shimfiɗaɗɗe ne.

Tana da fiffike? Tana da ɗaya dogo a baya, ya haɗe da wutsiya mai tsini. Maciji ba shi da fiffike ko ɗaya.

Me ke ƙirjinta da cikinta? Waɗansu zare huɗu ne sirara kamar igiyar takalmi, biyu kusa da kai, biyu can baya. Tana taka gindin baho da su kamar ƙafafu. Muren ba shi da su.

Tana da ɓawo? Da muka duba da gilashi mai ƙara girman abu, muka ga ƴan ɓawo ƙanana nutse cikin fata. Muren da tarwaɗa ba su da ɓawo.

Muka ɗora ma'auni a gefen baho, muka ga tsawonta ya kusa santimita 40. Muna cikin awo sai wani yaro ya ce: «Malam, dubi!» Dabbar ta taso sama, ta fid da baki waje, ta haɗiye iska, ta koma ƙasa. Bayan ƴan mintoci ta sake. Muka yi ta kallo, ba ta fasa ba.

Muka koma ga allo. Muka soke maciji. Muka soke tarwaɗa. Muka soke muren. Yarinyar nan ta mai da gishirinta gida. Yanzu mun san abin da dabbar ba ita ba ce, amma ba mu san sunanta ba tukuna.

5. Masunci ya zo aji

Ranar kasuwa na tafi rumfar masu kifi. Na tarar da wani dattijo masunci da ya kawo bandar kifi daga wajen Madarunfa, inda babban tabkin nan yake, kudu da Maraɗi. Na gaishe shi, na ce: «Baba, muna da baƙuwa a makaranta, mun rasa sunanta. Ko za ka taimake mu da ido?»

Ya yi dariya, ya ce: «Malam, ni da ban taɓa shiga lakwal ba, me zan koya wa ƴan lakwal?»

Na ce: «Baba, abin da ka sani ba ya cikin ƙamus ɗinmu.»

Kashegari da safe ya zo. Yara suka miƙe suka gaishe shi. Ya leƙa baho sau ɗaya, ya ce: «Ai gaiwa ce! Jikokina, ba ku san gaiwa ba? Kun sha ganinta a kasuwa, an yanka ta gunduwa-gunduwa an banda.»

Aji ya ɗauki murna. Wani yaro ya ce kakarsa takan ce gaiwa jikinta take ci da rani, amma shi ya ɗauka tatsuniya ce.

Dattijon ya zauna bisa kujerata, ya gaya mana abin da ya sani. Ya ce da rani masunta sukan bi busasshiyar laka suna neman ƴar kafa ƙarama. Inda suka gan ta, gaiwa na ƙasa. Ya ce kada a sa mata yatsa, don haƙoranta kamar dutsen niƙa suke, tana fasa katantanwa da su. Ya ce kada a haɗa ta da wani kifi, za ta cije shi. Ya ce a rufe bahon da rariya, don takan fita da dare. Sa'an nan ya ɗaga yatsa, ya ce: «Babban abu, kada ku cika ruwa har baki ku danne da murfi. Gaiwa in ba ta sami iska ba, ruwa yakan ci ta.»

Yara suka yi dariya, wai kifi ruwa ya ci shi. Na ce su yi shiru, maganar Baba gaskiya ce.

6. Yadda gaiwa ke rayuwa

Da muka sami sunanta na hausa, sai neman sauran ya yi sauƙi. Na samo littafin kifayen Afirka ta Yamma, na tarar da ita a ciki. Da faransanci sunanta protoptère. Masana na duniya duka kuwa suna kiranta Protopterus annectens. Wani masani ɗan Ingila, Richard Owen, shi ya fara bayaninta cikin littattafan Turawa a shekarar 1839, da wata da aka kai masa daga kogin Gambiya.

Yawancin kifaye suna numfashi cikin ruwa da jajayen abubuwan nan da ke ƙarƙashin kunnensu. Gaiwa ma tana da su, amma ba su ishe ta ba. Tana da huhu biyu, kamar ni da ku. Shi ya sa take tasowa ta shaƙi iska, shi ya sa kuma take rayuwa cikin ruwa mai zafi da datti, inda karfasa za ta mutu. Kifaye masu huhu iri shida suka rage a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Amurka ta Kudu, ɗaya a Ostareliya. Masana sun sami ƙasusuwan danginsu cikin duwatsu masu shekara kusan miliyan 400.

In tabki ya soma ƙafewa, gaiwa takan haƙa rami da bakinta cikin laka mai taushi. Ramin bai cika wuce kamu ɗaya ba. Sai ta lanƙwashe, ta ɗora wutsiya bisa kai. Jikinta ya fid da yauƙi mai yawa. Yauƙin ya bushe ya zama ƴar jaka da ta rufe ta duka, sai ƴar kafa ɗaya daidai baki. Ita ce fatar nan mai kama da ganye da yara suka gani. Ta wannan kafa iska ke shiga. Zuciyarta takan rage bugawa, numfashinta ya ragu. Ba ta ci, ba ta sha. Naman jikinta ne ke narkewa kaɗan-kaɗan yana riƙe ranta. Kun ga, maganar kakar yaron nan ba tatsuniya ba ce. Haka take zama wata bakwai ko takwas. Masana sun ajiye waɗansu cikin laka sama da shekara 3, aka zuba ruwa suka farka.

In ruwan sama ya sauka, jakar ta jiƙe, sai gaiwa ta fito. Da damana take ƙwai, cikin rami tsakanin ciyayin ruwa, namijin kuma shi ke tsaro. Ƴaƴanta suna kama da talibambam. Babbar gaiwa takan kai mita 1, nauyinta kilo 4.

Mun riƙe baƙuwarmu yadda dattijon ya ce. Kwanakin farko ruwan yakan ɓaci da sauri, don tana fid da dattin da ya taru a jikinta duk tsawon rani. Sai muka riƙa canza rabinsa kowace safiya. Bayan mako ɗaya ta soma cin tana da muke haƙowa a lambun makaranta, da fara, da katantanwa. Kowane rukuni yana da ranar aikinsa.

Da hutu ya ƙarato, muka yi shawara. Waɗansu suka so su tafi da ita gida. Amma aji ya ga baho ba mazauninta ba ne, kuma a baho ba za ta hayayyafa ba. A ƙarshen watan Yuni aka yi ruwa mai yawa, tabki ya tara ruwa. Muka ɗauke ta cikin bokiti, muka sake ta inda aka haƙo ta.

7. Abin da nake so ku riƙe

Da mun bi tsoro, da mun kashe ta da sanda. Da mun bi hoto, da mun kashe ta da gishiri. Abin da ya tsirar da ita abu uku ne: idon yara da suka duba gaɓoɓinta, da bakin dattijo da ya san ta tun yana yaro, da littafin da ya bayyana mana cikinta. Ɗaya bai isa ba sai da sauran.

Ku da kuke karatu da hausa da faransanci kuna da ƙofa biyu. Sunan hausa zai kai ku wurin masunci, da manomi, da makiyayi, da kaka. Sunan faransanci zai kai ku ga littattafai. In kun ga kifi, ko tsuntsu, ko ciyawar da ba ku sani ba, kada ku yi saurin raɗa mata suna. Ku rubuta inda kuka gan ta da lokacin. Ku zana ta. Ku ƙirga abin da ke ƙirguwa. Sa'an nan ku tambayi manya. Kuma in kuka tarar da ƴar kafar gaiwa a busasshen tabki, ku tuna cewa in aka haƙe su duka da rani, babu mai yin ƙwai da damana.

Kalmomi

Curi: dunƙulen laka ko na wani abu.
Masunci: mai sana'ar kamun kifi.
Banda: busar da kifi ko nama da hayaƙi.
Huhu: abin numfashi da ke cikin ƙirji.
Muƙamuƙi: ƙashin baki, inda haƙora suke.
Talibambam: ɗan kwaɗo tun yana da wutsiya.

Tambayoyi

1. A ina yara suka sami gaiwa, kuma a wane lokaci na shekara?
2. Sunaye uku nawa ne yara suka fara ba ta? Faɗi su.
3. Me ya sa malam ya hana a zuba gishiri?
4. Faɗi abu biyu da suka bambanta gaiwa da muren.
5. Me ya sa mai kiwon muren cikin akwatin gilashi yake bukatar sanin irinsa?
6. Yaya gaiwa ke numfashi in tana cikin laka?
7. Me dattijo ya koya wa yara wanda ba ya cikin ƙamus?

Aiki

1. In lita 1 ta ruwan teku tana da gishiri giram 35, giram nawa ne cikin lita 8? Cikin lita 50 fa?
2. Zana gaiwa cikin kayenka. Nuna kai, da wutsiya, da zaren nan huɗu.
3. Tambayi wani babba a gida sunayen kifi biyar da hausa. Gobe za mu nemi sunayensu da faransanci tare.